Jar Ƙwaya Biyu Kowace Safiya

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 6:40 na safe

Wannan littafin na awon katako ne. Shafukan gaba duk awon ƙofofi ne da tagogi, sai na juya shi na fara ta baya. Ni ba mutumin rubuce-rubuce ba ne. A aji uku na sakandare na tsaya, na ɗauki zarto, kuma da zarton nan na gina gidana da shagon da magidanta shida suke ci a ƙarƙashina. Ba wanda ya ɗaga ni. Amma ban taɓa yanka katako ban auna ba, shi ya sa zan rubuta.

Maganar Uwargida ce. Wata huɗu ke nan tana kwance. Ba zazzaɓi, ba tari, ba rauni a ko'ina. Tana kwance ne kawai, fuskarta ga bango. Sati biyu da suka wuce 'yarmu Auta ta kafe sai an je asibiti, na kai su a motata. Likitar yarinya ce, da ƙyar in ta girmi Auta da shekara uku. Ta yi ta tambayoyi, ta ce ciwon damuwa ne, ta rubuta wata 'yar farar ƙwaya, ɗaya a rana. Ta ce a yi haƙuri, maganin yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa. Ta faɗi wasu abubuwan kuma.

Ciwon damuwa. A gidana.

Sati biyu tana shan farar, ban ga komai ba. Jiya na ɗauko tef na auna. Daga gado zuwa ƙofar ɗaki ƙafa tara. Zuwa kicin ashirin da shida. Zuwa ƙofar gida sittin da ɗaya. Kullum zan rubuta iyakar inda ta kai. Banɗaki ba ya cikin lissafi, wannan dole ce.

Jiya: sifiri.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 1:15 na rana

A shagona akwai dokar da ta kai shekara goma sha tara. Da safe kafin a kunna inji, kowa zai sha shayi da burodi da jar ƙwaya biyu. Maganin ciwon jiki ne, irin wanda ake samu a kowane kemis, na gwiwa da baya da kumburi. Mu “mai” muke ce masa. Ni na kawo dokar, ni nake sayo kwali guda, ni nake rabawa da hannuna.

Mai fenti ya miƙo tafin hannu kamar kullum. “Maigida, a zuba mana mai, tankin nan ya ƙafe tun jiya.”

Gajere, ɗaya daga cikin kafintocina, ya ce, “Kai tankinka a huje yake. Ko tankar mai aka juye maka, ƙarfe goma kana gyangyaɗi a kan gwangwanin fenti.”

Aka yi dariya. Na duba benci na ga kofi takwas na jera. Mu bakwai ne. Gajere ya ɗauke ɗaya ya kifa a bayan kwalin ƙusa.

Akwai aikin ƙofofi goma sha biyu. Gajere ya ce da inji ɗaya ba za mu gama a kan lokaci ba, ko a yaye tamfol ɗin da ke kan na biyun. Na ce ya bar shi yadda yake.

Uwargida: sifiri.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Na biya kemis sayen kwalin wannan watan. Mai kemis mutum ne mai surutu, kullum idonsa a waya.

Ya ce, “Babban kafinta! Ka san maganin nan naka ya shiga labarai?”

Na ce, “Ya yi sata ne?”

“Wai masu bincike suna dubawa ko yana rage ciwon damuwa. Wai damuwar ma tana da alaƙa da kumburi a jiki, shi kuma aikinsa ke nan, sauke kumburi. Sun gwada a kan wasu mutane.”

“Suka ga me?”

Ya ja yatsa a kan wayar. “To, nan ƙasa an ce ba a gama tabbatarwa ba. Wasu sun ce e, wasu sun ce a'a. Ka san su, ba sa gama magana.” Ya ɗaga kai. “Lafiya dai?”

Na ce lafiya, tambaya ce.

Duk hanya ina juya maganar. Kumburi. Wannan na gane shi. Katako in ya sha ruwa yakan kumbura, ƙofa ta ƙi rufuwa, ba don kafinta bai iya aiki ba. Wata huɗu tana shan hawaye. Me zai hana abu ya kumbura a ciki? Wannan magana ce da mai hankali zai kama. Ba wai a dubi matar da ta riƙe gida shekara talatin da ɗaya a ce kanta ne ya taɓu ba.

Sifiri.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Ba na sa wa mutum ƙofar da ban buɗe na rufe da hannuna ba. Don haka a kaina na fara gwadawa. Jiya da yau ban sha mai ba.

Gwiwa kamar an kafa mata ƙusa. Wannan na sani. Amma ban da gwiwa akwai wani abu. Na tsaya da fensir a kan katako kusan minti goma ban ja layi ba. Na zagi Mai fenti a kan buroshi, mutumin da ya shekara goma sha huɗu tare da ni. Da azahar na zauna a mota, gilashi a rufe, ina kallon bangon shago, na ji ko shagon ya ƙone ba zan tashi ba.

Ɗazu na sha biyu. Bayan awa ɗaya na koma na ba Mai fenti haƙuri, har na yanka ƙofa biyu.

To ga shi nan. Na gani da idona.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 7:00 na safe

Farar ƙwayar a hannun Auta take. In ta tashi daga makarantar da take koyarwa takan biyo ta nan da la'asar, ta ba uwar, ta yi mata wanka, ta wuce gidan mijinta. Safiya tawa ce.

Na kai mata shayi da burodi. Ba ta taɓa burodin ba. Na ce, “Tashi ki sha wannan.” Ta juyo ta kalli tafin hannuna. Ta san jar ƙwayar, shekara goma sha tara tana cire ta daga aljihuna kafin wanki. Ta karɓa ta haɗiye da shayi, ta koma ta kwanta. Ba ta tambaya ba.

Ja biyu. Ba zan gaya wa Auta ba sai abin ya nuna. In ya nuna, na kai wa yarinyar likitar nan littafin ta karanta ta ƙaru.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Ja biyu. Sifiri.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 6:10 na yamma

Ja biyu. Sifiri. Rabin burodi.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana

Ƙafa tara!

Na dawo ɗaukar tef da na manta, na same ta tsaye a bakin ƙofar ɗaki, ta dafa katakon, tana kallon tsakar gida. Ni na yi ƙofar nan shekarar da muka tare. Na tsaya ban motsa ba kada in kore ta, kamar wanda tsuntsu ya sauka kusa da shi.

Ta ce, “An bar shukar nan ta bushe.”

Na ce yanzu za a ba ta ruwa. Na cika bokiti biyu na juye, har na jiƙa wandona. Da na waiga ta koma ciki.

Kwana biyar ke nan da fara ja. Farar ta yi sati uku ba ta tsinana komai ba.

Jiya biyu, yau biyu.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 6:20 na yamma

Auta ta fito daga ɗakin uwar da fara'a. “Baba, ka gani ko? Yau ita ta taje kanta da kanta. Likita ta ce sati uku zuwa huɗu, ga shi ya fara aiki.”

Na ce, “Haka ne.”

“Da ka ce ɓata lokaci ne.”

“Na ce haka ne, Auta.”

Ta yi dariya ta ɗauki jakarta. Na bar ta da nata. Ranar da za ta sani tana zuwa.

Ja biyu. Ƙafa tara, sau biyu.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

In fenti ɗaya ya kama, na biyu ne yake fito da kyau. Daga yau biyu da safe, biyu da rana in na dawo cin abinci. Ni kaina hakan nake sha in aiki ya yi yawa, ga ni nan ban mutu ba.

Mai ƙofofin ya zo yana faɗa. Gajere ya sake maganar tamfol a gaban baƙo. Ya ce, “Maigida, an kira mai gyaran wuta ya canza wayar gaba ɗaya, ba sauran abin tsoro.” Na ce wa ya ce ina tsoro? Na ce ranar da ya buɗe nasa shagon ya yaye duk tamfol ɗin da ya ga dama.

Ja huɗu.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 1:40 na rana

Ashirin da shida. Ta shiga kicin.

Ba ta dafa komai ba. Ta buɗe tukwane tana dubawa, ta ce Auta ba ta iya wanke gindin tukunya ba, tun tana yarinya haka take. Wallahi na ji daɗin faɗan nan fiye da duk yabon da aka taɓa yi wa aikina.

Da za ta koma ta dafe ciki. Na ce mene ne? Ta ce zafi ne kaɗan, nan ƙasan ƙirji. Na ce yunwa ce, ba kya cin abinci. Na ba ta na rana. Ai maganin ciwo ne.

Jiya huɗu, yau huɗu.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 6:45 na yamma

Ja huɗu. Ƙafa tara. Ta ce jiri.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 5:50 na yamma

Akwai wurin da ban auna ba.

Na dawo da rana ban same ta a gado ba, ba ta kicin. Ɗakin Dogo a buɗe. Ɗakin babban ɗanmu. Ni na kulle shi wata huɗu da suka wuce, bayan rasuwarsa, makullin yana cikin akwatin kayan aikina, ban san ta san wurin ba.

Tana zaune a bakin katifarsa, takalmin aikinsa a kan cinyarta. Har yanzu da garin katako a jikinsa. Ƙafarsa ta fi tawa girma tun yana ɗan shekara goma sha shida. Ashirin da bakwai ya yi. Da ƙarshen shekarar nan na so in sa sunansa a allon shago kusa da nawa.

Ba kuka take ba. Ta ce, “Malam.”

Na ce, “Na'am.”

“Wayar injin nan. Ya gaya maka kafin ranar?”

Na ce lokacin magani ya yi. Na je na kawo ruwa. Ta kalle ni, ta daɗe tana kallona, sannan ta buɗe hannu ta karɓa.

Ja huɗu. Ban san ƙafa nawa zan rubuta ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 6:30 na yamma

Auta ta ce fuskar uwar ta yi fari, leɓenta kamar takarda. Ta ce kuma bayan gidanta ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, ko in san abin da ta ci? Na ce me take ci ban da shayi? Ta ce ranar Litinin ne komawarsu asibiti, za ta faɗa wa likita.

Na ce, “Wanda ya yi wata huɗu bai ga rana ba dole ya yi fari.”

Na rage. Ja biyu.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 7:15 na safe

Ciwon cikin ya dame ta tun asuba. Ja biyu.

Juma'a, ƙarfe 6:00 na yamma, asibiti

A kicin. Na dawo ƙarfe ɗaya. Ta ɗora ruwan zafi, butar har ta ƙone. Tana ƙasa, ta yi amai. Ba ja ba ne kamar yadda mutum zai zata. Baƙi-baƙi ne, kamar ɗanyen fentin ƙarfe.

Ni na ɗauke ta. Ba nauyi. Ƙofa ɗaya ta fi ta nauyi.

Ƙafa sittin da ɗaya, a hannuna.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Jini ne yake zuba a cikinta. An sa mata ruwa, an ce sai an ƙara jini.

Yarinyar likitar ta zo da wani babban likita mai furfura. Ta tambaye mu a bakin gado, ni da Auta. “Ban da maganin da na rubuta, tana shan wani abu? Na gargajiya, na ciwon kai, na ciwon jiki, komai ƙanƙantarsa?”

Auta ta ce, “Babu. Ni nake ba ta da hannuna, ɗaya a rana.”

Likitar ta juyo. “Baba?”

Na ce yadda Auta ta faɗa.

Na naɗe hannun riga na ce a ɗebi nawa. Nas ta soki yatsana, ta tafi, ta dawo tana kallona sama da ƙasa. “Baba, kai ma ai naka bai cika ba. Ba za mu iya ɗiba ba. Ya kamata a duba ka.” Na ce ni nake ɗaga katakon da samari biyu suke kasawa. Ta ce, “Allah ya ƙara ƙarfi, amma jinin bai kai ba.”

Na Auta aka ɗiba, da na mijinta. Gajere da Mai fenti sun zo da kansu, ba wanda ya kira su, suka jera a benci da garin katako a gashinsu. Na Gajere ya dace. Da ya fito yana danne da auduga ya ce, “Shekara nawa Uwargida tana aiko mana da abinci shago, yau dai na rama kwano ɗaya.”

Ban iya kallonsa ba.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Jini leda uku. Tana barci.

Na je gida na wanke kicin. Katin jar da ke ƙarƙashin tiren shayi na sa a aljihu. Ban san dalili ba. Gidana ne.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 2:30 na rana

An zura mata wata na'ura mai kyamara ta baki. Gyambo ne a ciki, har biyu. Sun tsayar da jinin. Sun ce ƙodarta ma ta ɗan gaji, suna sa ido.

Na tare yarinyar likitar a baranda. Na ce ina da tambaya, ba ta shafi matata ba, wani abokina ne ya ji a waya. Wai gaskiya ne maganin ciwon jiki yana rage ciwon damuwa?

Ta rufe fayil ɗin da ke hannunta.

Ta ce, “An yi bincike a kai, Baba, ana kan yi. A wasu gwaje-gwajen an ga ɗan sauƙi a wasu mutane, a wasu ba a ga komai ba. Ba a kai inda likita zai rubuta shi don damuwa ba. Kuma wanda gwiwa ta hana shi sakat, in ciwon ya lafa dole ransa ya yi sanyi, wannan ba ya nufin an warkar da damuwa.”

Na ce abokin nawa ya ce ya ga yana aiki.

“Zai yiwu ya ga sauƙi. Amma daga ina sauƙin ya zo? In mutum yana shan abu biyu, kwanaki kuma suna tafiya, ta yaya zai san wanne ne?” Ta dube ni. “Abin da ba a jayayya a kansa shi ne yana cin ciki, balle wanda ba ya cin abinci. In aka haɗa shi da irin farar da na rubuta wa Mama, haɗarin zubar jini ya ƙaru. Shi ya sa ranar farko na ce kada a ba ta maganin ciwon jiki sai an tambaye ni. Ka tuna?”

Na ce ranar hankalina ba ya wurin.

Ta ce, “Ka gaishe da abokin naka.”

Talata, 25 ga wata, ƙarfe 12:00 na rana

Ta farka sosai yau. Likitocin biyu suka zo zagaye. Babban ya ja kujera ya zauna kusa da ita, ya ce, “Mama, irin gyambon nan mun san abin da yakan kawo shi. Ba faɗa za mu yi ba. Kin sha wani magani?”

Ina tsaye a ƙafar gado. Katin yana aljihuna.

Ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya. Ta ce, “Na sha. Jar ƙwaya. Ni na ɗauka da kaina a aljihun Malam, bai sani ba.”

“Guda nawa?”

“Ban ƙirga ba.”

“Sau ɗaya kika sha da yawa, ko kullum?”

“Ban ƙirga ba.”

Wata huɗu ban ji ta jera magana mai tsawon wannan ba.

Auta ta toshe baki da mayafi ta fita da gudu.

Talata, ƙarfe 5:00 na yamma

Ban gane abin da suka fahimta ba sai da na ga nas tana kwashe kaya daga kan durowar gadon. Wuƙar yanka lemo, almakashin farce, har igiyar cajin waya. Aka ce daga yanzu ba za a bar ta ita kaɗai ba ko banɗaki. Jibi in jikinta ya yi ƙarfi za a mayar da ita wani ɓangaren, can bayan ginin, mai ƙofar ƙarfe. An rubuta a fayil ɗinta.

Sun ɗauka ta so kashe kanta ne.

Auta ta same ni a benci. Idonta ya kumbura. “Baba, ni ce. Kullum ina zuwa, ina yi mata wanka, ina murna wai ta samu sauƙi, ashe shiri take. Yaya ya tafi, ita ma ta so ta bi shi, ni ban isa ta zauna domina ba.” Ta kifa kai a kafaɗata. Rabon da ta yi haka tun tana firamare.

Na ce ta yi haƙuri.

Abin da na ce ke nan. Ta yi haƙuri.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 7:30 na safe, shago

Na zo da wuri. Na jera kofi bakwai. Mai fenti ya miƙo hannu, bai yi wasan tankinsa ba. Na ce yau ba mai. Suka kalli juna. Na ce daga yau wanda jikinsa ke ciwo ya je a duba shi, ni ba likita ba ne. Gajere ya ce, “Maigida, lafiya?” Na ce a kunna inji.

Na zaga bayan tamfol. Sabuwar waya ce, mai kauri, an yi aiki mai kyau. Tsohuwar, wadda ta kashe Dogo, tana cikin kwandon shara na ƙarfe, ba wanda ya zubar. Baƙin tef ɗin liƙe waya yana nan a naɗe a jikinta. Naɗi mai kyau ne. Hannuna ne.

Laraba, ƙarfe 3:00 na rana

Nas ta fita ɗauko wani abu, ta ce in zauna da ita minti biyar.

Na ce, “Me ya sa kika faɗi haka?”

Tana kallon silin. Ta ce, “Auta ta rasa wa. In ta ji, ta rasa uba.”

“Za su kai ki bayan ƙofar ƙarfe.”

“Ɗaki ɗaki ne, Malam. Can ma akwai bango.”

Na ce ai na ga kin samu sauƙi. Kin kai ƙofa, kin kai kicin. Na rubuta.

Sai a lokacin ta juyo. “Na ga kana auna ƙasa da tef kamar za ka sa mini tayil. Na ce bari in taka, ko bawan Allahn nan ya samu abin rubutawa.” Bakinta ya ɗan motsa, ban sani ba ko murmushi ne. “Wata rana kuma na ji ina so in taka. Ban san wanne ne wanne ba.”

Nas ta dawo.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe 8:10 na safe

Ƙarfe goma za a mayar da ita.

Likita, wannan shafin naki ne. Ki fara daga bayan littafin, gaban awon ƙofofi ne. Daga ranar 8 zuwa ranar 21 ga wata, kwana goma sha huɗu, duk abin da ta sha yana rubuce. Inda na tsallake rana, adadin ranar da ta gabata ne. Na haɗa, talatin da takwas. Ba ta ɗauki ko ɗaya da hannunta ba. Ni na ba ta, yawanci cikinta ba komai sai shayi. Ragowar katin yana cikin shafin nan, ki ga sunansa da ƙarfinsa. Ki goge abin da aka rubuta a fayil ɗinta. Matar nan ba ta nemi mutuwa ba. Ruwan zafi ta ɗora.

Ranar farko da kika ce kada a ba ta maganin ciwon jiki, hankalina yana wurin. Na ji ki sarai. Na ga yarinya ce ke faɗa.

Dogo ma ya gaya mini. Sau biyu. Ya ce a kira mai gyaran wuta, na ce shekara talatin ina naɗe waya, tun kafin a haife shi. Wannan ba na fayil ba ne, amsar uwarsa ce, ta tambaye ni ranar 19 ban ba ta ba. In kin gama ki ba Auta littafin ta karanta mata. Ta karanta duka, kada ta tsallake. Abin da Auta za ta yi da ni bayan nan, nata ne.

Nas ta ce a duba jinina. In akwai layin da ake bi, a nuna mini. Da ɗayan abin ma, wanda kika tambayi Uwargida ranar farko, na barci da cin abinci da ko mutum yana jin daɗin wani abu. Ina da amsoshi.

Ga ki can kin shiga ofis. Daga bencin nan zuwa ƙofarki ƙafa talatin ne, ko da biyu. Ban zo da tef ba.